Daga Memuwar Zuwa Malanta: Jagora Ga Mai Son Binciken Halayyar Jama'a Da Siyasa a Arewacin Kamaru

Bayan kowace sutnans a Marwa, wato zaman da ɗalibi ke kare kundin bincikensa a gaban malamai, in an gama hotuna dangi sun watse, akan sami ɗalibi ɗaya ko biyu da za su biyo ni har inuwar darbejiyar da nake ajiye babur. Tambayarsu ɗaya ce kullum: "Malam, na kare memuwar ɗina, ina son in zama mai bincike. Ta ina zan fara?" Amsar ta fi ƙarfin tsayuwar bakin hanya, shi ya sa na zauna na rubuta ta don ƙannena masu sha'awar ilimin halayyar ɗan Adam, ɓangaren zamantakewa da siyasa. Fage ne da ke neman sanin abin da ke sa mutum ya ƙyamaci wanda ba nasa ba, abin da ke sa ya bi shugaba ko ya juya masa baya, da abin da ke sa gari ya karɓi tubabbe ko ya rufe masa ƙofa. Zan riƙa cewa "ka" don sauƙi, amma ƙanwata, har da ke nake.

Kafin komai, ka san cewa ba hannu rabbana ka shigo ba. A 2010 Joseph Henrich da abokan aikinsa biyu sun ja hankalin duniya cewa kashi 96 cikin 100 na mutanen da ake gwadawa a manyan mujallun wannan ilimi sun fito ne daga ƙasashen da ba su wuce kashi 12 cikin 100 na al'ummar duniya ba. Kai kuwa ka tashi da Hausa a gida, Fillanci a kasuwa, Faransanci a makaranta, wataƙila har da Larabcin Shuwa ko Barbarci. Mutanen da ilimin bai sani ba, su ne maƙwabtanka. Wannan jari ne babba, kuma duk matakan da ke tafe manufarsu ita ce kai ka ci ribarsa da sunanka, kada ka ƙare a matsayin mai cika wa wasu takardu a biya ka kuɗin yini.

Mataki na farko: nemo tambayarka a gida

Yawancin ɗalibai sukan fara da ka'ida, sannan su nemi inda za su ɗora ta. Ni na fi son ka fara da abin da ya hana ka barci. Ɗauki rikicin Logon-Birni na watan Agusta da Disamba 2021 tsakanin Musgum masunta da Larabawan Shuwa makiyaya, wanda ya kai har Kusiri, ya kori dubban mutane zuwa Chadi. A kan ruwa aka soma. Amma ta yaya rigimar wuri ɗaya ta koma ta ƙabila da ƙabila, har wanda bai taɓa ganin wurin ba ya ji an taɓa shi? Nan ne ka'idoji ke da amfani. Muzafer Sherif ya nuna a gwajinsa na 1954 yadda gasa kan abu ƙalilan ke haifar da gaba. Henri Tajfel da John Turner, a 1979, suka ce ko babu abin da ake rabawa, raba mutane gida biyu kawai kan sa kowa ya fifita nasa. Gordon Allport kuwa, shi ma a 1954, ya ce cuɗanya na rage ƙyama idan an cika wasu sharuɗɗa, kamar daidaiton matsayi, manufa ɗaya da goyon bayan hukuma.

Sai ka matse tambayar har ta dace da aljihunka da shekarunka uku. "Rikicin ƙabilanci a Arewa Mai Nisa" sunan laburare ne guda, ba taken tes ba, wato kundin dokta. Amma "shin matan da ke kasuwa ɗaya da matan ɗaya ƙabilar sun fi saurin yarda a koma zama tare?" tambaya ce da za ka iya amsawa.

Ka karanta waɗanda suka yi irin wannan a kusa da mu. Alexandra Scacco da Shana Warren sun haɗa samari Musulmi da Kirista a ajin koyon kwamfuta a Kaduna, suka wallafa a 2018 cewa ra'ayin ƙyama bai sauya ba, amma waɗanda suka zauna aji ɗaya da ɗaya ɓangaren sun fi ƙarancin nuna bambanci a aikace. Graeme Blair da abokansa sun gwada a Maiduguri, suka wallafa a 2021 cewa saƙon malamin addini na ƙara wa mutane niyyar karɓar tsofaffin mayaƙan Boko Haram. Tun da aka kafa kwamitin ƙasa na karɓar makamai da mayar da mayaƙa cikin al'umma a Nuwamba 2018, da ɗaya daga cikin cibiyoyinsa a Mora, wannan tambaya tamu ce mu ma. Ka haɗa da aikin Saibou Issa kan 'yan tare hanya, domin mai auna halayya da bai san tarihin wuri ba zai auna abin da bai fahimta ba. Kuma ka san Bame Nsamenang na Bamenda, wanda ya rasu a 2018, ɗan Kamarun da ya shafe rayuwarsa yana cewa a fahimci ɗan Afirka daga cikin al'adarsa.

Mataki na biyu: rajista da zaɓen darakta

Tsarin LMD sananne ne: lisansi shekara 3, masta 2, dokta 3 a takarda, ko da yake da wuya a gama a ukun. Muna da jami'o'in gwamnati uku a Arewa: Ngaundere tun 1993, Marwa tun 2008, Garwa tun 2022. Amma a matakin dokta mutum ake bi, ba gini ba. Kana buƙatar malami mai matsayin Maître de Conférences ko Farfesa, wanda fagensa ya kusanci naka. In babu shi kusa, ka duba Yawunde ta Ɗaya mai tsohon sashen wannan ilimi, ko Dschang, ko ka nemi a haɗa maka daraktoci biyu, ɗaya nan ɗaya can.

Kafin ka kai gaisuwa, yi abu biyu. Duba sunansa a Google Scholar ka ga ko ya wallafa wani abu cikin shekaru 5 da suka wuce. Sannan ka nemi tsofaffin ɗalibansa biyu, ka sha shayi da su, ka tambaye su wata nawa babi ke yi a hannunsa kafin ya dawo. Babban suna da ba ya karatu zai ci maka shekaru. Matsakaicin malami mai jan biro a kowane shafi ya fi maka alheri nesa ba kusa ba.

Za ka tarar da yawa daga malamanmu sun taso ne a makarantar Faransa ta Serge Moscovici, wanda ya kafa ka'idar yadda jama'a ke suranta abu a tsakaninsu a 1961, da Jean-Claude Abric da ya faɗaɗa ta. Ka koye ta da kyau, tana da amfani wajen gano abin da kalma kamar "tubabbe" ko "dimokuraɗiyya" ke nufi a bakin mutane. Kada dai ka tsaya nan.

Mataki na uku: lissafi da Turanci

Waɗannan biyun ne ɗalibanmu ke gudu, kuma su ne ke raba mai bincike da mai riƙe da takarda kawai. A 2015 wata gamayyar masu bincike ta sake gwada nazari 100 da aka riga aka wallafa, sai kusan kashi 36 cikin 100 kaɗai suka sake ba da sakamako mai ƙarfi, na ɓangaren zamantakewa ma ƙasa da haka. Daga cikin dalilan akwai ƙarancin mutanen da aka gwada, da juya lissafi har sai ya faɗi abin da ake so. Tun daga lokacin mujallu suka tsaurara.

Saboda haka, kafin ka fita fili ka buɗe manhajar G*Power, kyauta ce, ka ƙididdige mutum nawa kake buƙata. Idan rukuni biyu za ka kwatanta kuma bambancin da kake tsammani matsakaici ne, wato d = 0.5 a ma'aunin girman bambanci, kana buƙatar mutum 64 a kowane rukuni don samun ƙarfin kashi 80 cikin 100, wato damar gano bambancin in har akwai shi. In ƙarami ne, d = 0.2, sai kusan 394 a kowane rukuni. Ka ga ke nan mutum 30 da aka saba gani a memuwar ba su isa komai ba. Ka rubuta hasashenka da tsarin lissafinka a OSF, shafin intanet da masu bincike ke ajiye tsarin aikinsu, kafin ka tattara bayani, don ya zama shaida a kanka. Ka fara da manhajar lissafi ta jamovi ko JASP, su ma kyauta ne, ka bar neman SPSS na sata mai ɗauke da cutar kwamfuta. Daga baya ka koyi R. Don atisaye, sauke bayanan Afrobarometer, mai jin ra'ayin jama'a a ƙasashen Afirka, waɗanda suka haɗa da Kamaru tun 2013, ka duba misali yadda yarda da sarakunan gargajiya ta bambanta tsakanin yankuna. Maƙalar farko kan iya fitowa daga nan ba tare da ka kashe ko dala ba.

Turanci kuwa, shafi biyu na maƙala kullum, da ƙamus, har wata shida. Babu gajeriyar hanya.

Mataki na huɗu: mayar da tambayoyi harshen mutane

Nan zan daɗe, domin nan ne jarinka yake, kuma nan ne na fi yin kuskure.

Lokacin da na fara gwada tambayoyina a kasuwar Garwa, na zauna gaban wani dattijo mai sayar da goro. Na karanta masa abin da na fassara daga Faransanci: "Baba, daga 1 zuwa 7, nawa ka yarda da mutanen wata ƙabila?" Ya ɗaga algarar da ya rufe goro da ita, ya yayyafa ruwa, ya mayar, sannan ya dube ni. "Ɗana, yarda ai ba gero ba ce da za a auna da mudu. Kuma wace yardar kake nufi? In ba shi bashi, ko in bi shi salla, ko in ba shi 'yata?" Na rasa ta cewa. Kalma ɗaya ce a takardata, confiance, shi kuwa yana da yarda, da amana, da aminci, kowacce da gurbinta. A daren na yage tambayar na mayar da ita biyar, kowacce aiki ne da ake gani da ido: bashi, barin masa rumfa ka tafi masallaci, maƙwabtaka, cin abinci kwano ɗaya, auratayya. Daga baya na gane cewa kusan abin da Emory Bogardus ya yi ke nan tun 1925 da ma'auninsa na tazarar zamantakewa, sai dai matakan dattijon sun fi dacewa da mu.

Ga yadda nake yi yanzu. Mutum ɗaya ya fassara daga Faransanci ko Turanci zuwa Hausa ko Fillanci. Wani dabam, wanda bai ga asalin ba, ya mayar da ita. Wannan ita ce hanyar da Richard Brislin ya bayyana a 1970, amma ita kaɗai ba ta isa ba, don jimla kan iya komawa daidai alhali babu mai faɗinta haka a unguwa. Sai ka zauna da mutum 10 zuwa 15 irin waɗanda za ka tambaya, maza da mata, masu boko da marasa shi, ka karanta musu kowace tambaya, ka ce su maimaita ta da bakinsu. Inda maimaicin ya kauce, nan gyara yake.

Lambobin 1 zuwa 7 kuma na daina amfani da su ga wanda bai saba ba. Kofunan shayi biyar nake jerawa a kan faranti, na farko wayam, na ƙarshe cike taf, sauran a tsakani, in ce ya nuna. Ko kuma in raba tambayar biyu: ka yarda ko ba ka yarda ba, sannan kaɗan ko sosai?

Ka kuma yi hattara da kara. Mutanenmu ba sa son musa wa baƙo, "to" da "haka ne" na fitowa ne don girmamawa. Ka gauraya tambayoyin yadda wani lokaci "a'a" ce ke nuna abin da kake aunawa. Ka rubuta wanda ya yi kowace hira, domin nazarin bayanan Afrobarometer ya nuna amsa kan sauya gwargwadon ko mai tambaya ɗan ƙabilar mai amsa ne ko a'a. Mata kuwa mace ce za ta shiga wurinsu, kuma ba a gaban maigida ba, in ba haka ba ra'ayinsa za ka rubuta sau biyu.

Mataki na biyar: izini da tsare mutanen da suka amince maka

Ka fara da takardar shaidar bincike daga jami'arka, da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike. Da su za ka je wurin firefe da sufirefe na inda za ka yi aiki. Bayan hatimin hukuma sai fada: lamiɗo, sannan lawan, sannan jauro ko bulama. Kada ka tsallake ko ɗaya, kada kuma ka tafi kai kaɗai, ka nemi dattijon da zai gabatar da kai. Sansanin Minawao da ke kusa da Mokolo, wanda aka buɗe a 2013, yana da nasa izinin dabam daga hukuma da HCR, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Sai dai ka lura, in dogarin fada ne ke zaɓo maka masu amsa, ra'ayin fada za ka tara. Ka yi godiya, ka bayyana cewa ƙa'idar makaranta ce ka ƙirga gidaje da kanka, misali kowane gida na biyar.

Batun sirri a yankinmu ba ado ba ne. Akwai dokar yaƙi da ta'addanci ta Disamba 2014, kuma duk mai sauraron rediyo ya tuna Ahmed Abba, wakilin sashen Hausa na RFI, da aka kama a Marwa a Yuli 2015, bai fito ba sai Disamba 2017. Saboda haka kada ka rubuta sunan kowa a takardar amsa, lamba ta isa. Kada ka tambayi mutum abin da ya aikata ko wanda ya sani a daji, ra'ayi kake nema. Yardar baki ta wadatar ga wanda sa hannu ke tsoratarwa, in kwamitin ɗa'a ya amince. Ka yi amfani da KoboToolbox, manhajar tattara amsoshi a waya, tana aiki ko babu intanet, ka sa wa wayar makulli, ka goge bayanan daga cikinta da zarar ka tura. Tambayar da ka san za ta iya jefa mai amsa cikin wahala, ka bar ta, ko da ita ce za ta ƙawata tes ɗin.

Lokaci ma a duba. Daga Yuli zuwa Oktoba hanyoyin Logon da Shari da na Mayo-Danay kan yanke, a watan azumi hira bayan azahar zalunci ce, kusa da zaɓe kuma kowa zai ɗauke ka ɗan leƙen asirin wata jam'iyya.

Mataki na shida: aikin ƙungiyoyi da maganar suna

Marwa cike take da ƙungiyoyin agaji da masu bincike daga waje, kuma za su neme ka. Ka karɓa, akwai kuɗin cefane, akwai koyo. Amma ga abin da ya same ni. Na yi wa wata tawaga aiki wata uku: na fassara, na gyara tambayoyin da ba su zauna ba, na horar da masu hira, na bayyana musu abin da amsoshin ke nufi. Bayan shekara biyu na ga maƙalar a intanet. Sunana na can ƙasa cikin godiya, tare da direba. Ban ce sun cuce ni da gangan ba, ni ne ban yi magana da wuri ba, kunya ta hana ni. Amma har yau abin na yi mini ciwo, don a lokacin maƙala ɗaya ce ta rage mini in cika dosiye, wato takardun neman aikin jami'a.

Tun ranar farko ka tambaya cikin ladabi, kuma a rubuce: za a wallafa wannan aiki? In na taimaka wajen tsara tambayoyi da fassara sakamako, zan shiga cikin marubuta? Zan iya amfani da wani ɓangare na bayanan a tes ɗina? Mai niyyar kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Kai ma in ka girma ka ɗauki ƙananan ɗalibai aiki, ka tuna.

Mataki na bakwai: wallafa tun kafin ka kare tes

Ka tsara tes ɗinka yadda kowane nazari a ciki zai iya tsayawa a matsayin maƙala. Ka buɗe lambar ORCID, lambar shaidar mai bincike, ka tsayar da rubutun sunanka hanya ɗaya, domin mu masu Mahamat da Mohamadou da Muhammadu a takardu dabam-dabam aikinmu kan warwatse. Ka tara abin da ka karanta a manhajar Zotero tun yau.

Journal of Social and Political Psychology ba ta karɓar kuɗi daga marubuci ko mai karatu. International Review of Social Psychology ta ƙungiyar ADRIPS ce, kowa na iya karanta ta kyauta. Political Psychology ta ƙungiyar ISPP ce da aka kafa a 1978, tana da wuyar shiga, amma ka sa ta a gaba. Mujallun jami'o'inmu ma suna da amfaninsu wajen ƙarin girma. Wanda za ka guje wa shi ne mai aiko maka saƙo yana yabonka, yana alkawarin bugawa cikin mako biyu in ka tura dalar Amurka 100. Ka duba sunan mujalla a rumbunan mujallu irin su DOAJ ko AJOL ko Scopus tukuna. Za a mayar maka da maƙala, wataƙila sau uku. Ka ajiye wasiƙar kwana biyu zuciya ta huce, sannan ka amsa kowane gyara ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na takwas: shiga jami'a da zama a ciki

Yawanci da koyarwar wucin gadi ake farawa, a matsayin bakatar ko monita, kuma kuɗin kan yi jinkiri ƙwarai, don haka kada ka saki sana'ar da ke ciyar da kai. Ɗaukar aiki kan zo ne a dunƙule, kamar wanda aka sanar a ƙarshen 2018 na masu dokta 2,000 cikin shekara uku, kuma wa'adin kai takardu gajere ne. Dosiyenka ya kasance a shirye kullum: kwafin shaidu da aka buga wa hatimi, maƙalu a buge, takardun shaidar koyarwa. Matsayin Assistant kwantiragi ne mai wa'adi, sai ka haye zuwa Chargé de Cours ta hannun kwamitin CCIU mai duba ƙarin girman malaman jami'a kafin ka sami natsuwa, kuma da maƙalu ake hayewa. 'Yan'uwanmu na Njamena da Abeche ta CAMES, majalisar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka mai hedikwata a Wagadugu, suke bi, su nemi ƙa'idojinta tun da wuri.

Kada ka zauna kai kaɗai. CODESRIA, majalisar masu binciken zamantakewa ta Afirka da ke Dakar, na shirya horo, AUF, ƙungiyar jami'o'i masu amfani da Faransanci, na taimakawa da tafiye-tafiyen ilimi, African Peacebuilding Network na ba da tallafin bincike kan zaman lafiya, Psychological Science Accelerator kuma, tun 2017, na haɗa masu bincike na ƙasashe da dama a nazari ɗaya, kana iya shiga da ajinka ka zama cikin marubuta. A gida kuma ku haɗu ku huɗu ko biyar duk ranar Asabar, kowa ya karanta wa 'yan'uwa shafi biyu.

Abin da zai cinye ka bayan ka sami aikin shi ne ɗaruruwan takardun jarrabawa, tarurruka, da buƙatun dangi da yanzu suka ji an ce "Dokta". Ni tsakanin asuba da ƙarfe bakwai nake rubutu, waya a kashe, kwamfuta cike da caji tun dare saboda wutar ba ta da tabbas. Mai yara ƙanana, musamman ke ƙanwata, sai an zauna da maigida da dangi an yanke waɗannan awoyi a fili, in ba haka ba ba za su samu ba.

Ɗalibin da ya biyo ni inuwar darbejiya kuwa, nakan ce ya dawo ranar Alhamis da shafi ɗaya: tambayarsa a jimla guda, su wa zai tambaya, a wane gari, da wane harshe, mutum nawa, da maƙalu uku da ya karanta a kai. In ya kawo shafi uku, nakan mayar masa ya je ya rage.